Gulbin da Ya Ci Ni Sau Bakwai

Samari, ku saurara. Zamanin da Birnin Kebbi ke cikin jihar Sakkwato, ni ɗan dakon albasa ne, Kirista, ba ni da kowa a garin sai 'yan majami'armu.

Wata damina kwalekwale ya kife da mu a gulbin Rima, amma da sauran kwanana a gaba. Ranar Lahadi na miƙe na ba da shaida. A al'adarmu, mai godiya yakan taka rawa zuwa gaban bagade, jama'a na biye da shi da waƙa. Mata suka buga tulun kiɗa, aka rangaɗa guɗa. Bayan sujada wannan ya ba ni riga, wancan kwanon shinkafa. Ban roƙa ba, amma na lasa na ji zaƙi.

Sai na mai da abin sana'a. Duk majami'ar da ba a san ni ba, gulbi ya sake ci na. Na ƙirƙiro mata da 'ya'ya biyu, na nutsar da su. Har takardar ƙarya na rubuta da sunan fasto.

A Argungu dubuna ta cika. Ina tsakiyar rawa, wata tsohuwa 'yar majami'armu da ta zo ganin 'yarta ta ce, "Ɗana, sau nawa gulbin ga ka cin ka? Ai mu munka raka ka bara!" Kiɗa ya tsaya cak.

Aka kai ni kotu bisa laifin damfara. Shekara biyu na yi a gidan yari, ko mutum ɗaya bai leƙo ni ba. Kaɗaici ya gallabe ni. Can na fara rera waƙoƙin yabo ni kaɗai, ba mai ba ni ko ƙwayar gero. Sai na gane godiya ba ƙugiyar kamun kifi ba ce. Ubangiji ake yi wa, da murna, domin ya cancanta.

Da aka sake ni na koma majami'armu, na nemi gafara, na ce ina so in gode wa Yesu da ya fid da ni da rai. Wannan karon gaskiya ce zalla. Na fara takawa, ba wanda ya tashi. Masu tulu suka sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba. Na isa gaba ina jin ƙarar takalmina, na durƙusa, na rera waƙata har ƙarshe.

Kada ku sayar da godiyarku, ku ji tsoron Allah. Na san ya karɓi tawa. Amma har yau, in na ce na gode wa Ubangiji, sai in ga wani ya dafe aljihunsa.