Haƙoran Motar Maigidana

A littattafan da na taso ina karantawa, miji yakan dawo daga tafiya da turare ko sarƙa a ɗan akwati. Nawa mijin, direban bas ne tsakanin Birnin Kudu da Kano, ranar da ya shigo da kwali a rungume yana murmushi har na fara sunkuyar da kai ina gyara mayafi. Da ya buɗe sai ga mota. Tsawonta bai fi damtsen hannu ba, tayoyinta ƙurji-ƙurji, ga rimot mai kama da bindigar wasan yara.

Na ce, "Maigida, ta yara ce?"

Ya ce, "Wane yaro? Duk wanda ya taɓa ta sai na saɓa masa."

Ashe su da yawa ne, direbobi da 'yan kasuwa, manya masu gemu. Ranar Juma'a bayan la'asar sai su taru a fili su yi ta tsere da motocin suna ihu. Yayana da ke Gwaram shi ma ya sayi tasa. Maigidana kuwa ɗan ƙanwar babanmu ne, saboda haka shi da Yaya taubasai ne, ba sa haɗuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba.

Aka sa babban tsere washegarin Sallah a filin bayan gidanmu na Gwaram. Maigida ya ce zai ɗauke ni a babur, mu biyu kawai, yara su zauna wajen kakarsu. Tun da muka yi aure ba mu taɓa tafiya daga ni sai shi ba, kullum cikin bas ne, ni a baya da kaya da kaji. Na fara ɗinka mayafi ruwan hoda. Har na gama tsara yadda iska za ta riƙa ɗaga shi, shi kuma ya waigo ya faɗa mini wata magana mai daɗi.

Ana cikin azumi motar ta fara kuka. Da can ƙararta siririya ce kamar ta sauro, sai ta koma gurnani irin na injin markaɗe. Maigida ya ce, "Ƙishin mai take ji." Ka'idar direba ke nan: duk abin da yake juyawa, a ba shi giris. Ya lakato baƙin giris ɗin da yake sa wa bas ya cika mata ciki. Kukan ya lafa kwana ɗaya, ya dawo ya fi da. Ya ƙara mata. Wata Juma'a ya dawo da ita a hammata, fuska a murtuke.

Ya ce, "Idan ba ta tashi ba, ba inda za ni. Ba zan je Gwaram hannu biyu yayanki ya yi mini dariya har Sallar baɗi ba."

Ni kuwa mayafina ya riga ya sha guga.

Da safe na shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, na ce mu buɗe mu gani. Ya kwance murfin. A ciki akwai ƙafafu biyu masu haƙora da suke cizon juna: ƙarama ta ƙarfe a bakin injin, babba ta roba mai tura tayoyi. Giris ɗin ya kama yashin fili ya zama kamar ƙullin taɓo. Na goge da tsumma, sai ga haƙoran babbar sun siranta sun yi tsini, duk sun kwanta gefe ɗaya, wasu ma sun gutsure. Na ji tausayinta kamar wata tsohuwa da aka ba ƙashi.

Ya kira mutumin Kano da ya sayar masa, ya buɗe muryar wayar. Mutumin ya yi dariya har da tari.

"Direba, ai ba tirela ba ce! Waɗannan na waje a bushe suke aiki. Na cikin rufaffen akwati su ake sa wa mai. Kai ka haɗa yashi da giris ka yi musu dutsen wasa wuƙa. Duba cikin kwalin, akwai sabuwa guda ɗaya. In ka lalata ta sai bayan Sallah."

Ya kuma ce kada a matse su da yawa, kada a sake su da yawa. A sa siririyar takarda tsakanin haƙoran, a tura su su cije ta, a ɗaure noti, sannan a zare takardar.

Muka wanke ƙaramar da kananzir da tsohon buroshin haƙori, muka cire tsohuwar babbar muka sa sabuwar da ke cikin kwalin. Sai neman takarda. Ta buhun siminti ta yi kauri, ta kalanda ma haka. Na ga idonsa ya sauka kan littafin da ke cinyata, na aro ne daga maƙwabciya, saura kaɗan in gama.

Na ce, "Wallahi a'a."

"Haba Uwargida, gefe-gefe kawai. Ba zan taɓa masoyan naki ba."

Da hannuna na yanko masa farin gefen shafin farko da almakashi. Ya sa, ya ɗaure, ya murza ƙafar da yatsa, takardar ta fito a tattare kamar bakin siket. Ya ajiye motar a ƙasa ya danna. Ta zabura ta kori kajina har zaure, da muryar sauronta ta da. Ya dube ni ya ce, "Ki shirya kayanki."

Mun tafi a babur ɗin. Abin da ban lissafa ba shi ne motar. Ya ce ba za a ɗaure ta a baya ta jijjigu ba, don haka a tsakaninmu ta zauna, ina rungume da kwalinta tun daga Birnin Kudu. Ya waigo sau da yawa kam, amma abin da yake cewa shi ne, "Kin riƙe ta da kyau?"

A fili muka tarar da Yaya a tsugune da gwangwanin giris. Ni na shige gida, ina leƙe ta kan katanga tare da matarsa. Maigida ya tsaya a kansa ya ce, "Kai, bawan Allah, daina. Giris ne yake cinye haƙoran."

Yaya ya ɗago. "Ji makirci! So kake tawa ta ƙone ka wuce ni? Tun muna yara ka taɓa faɗa mini gaskiya?"

"Na rantse maka."

"Rantsuwar direba!" Ya sake lakato wani ya ƙara, yana kallonsa ido cikin ido.

Aka saki motoci, ƙura ta tashi. Ta Yaya ce a gaba, yana tsalle yana kirari. Ana tsakiyar zagaye sai ta yi wata ƙara ta tsaya cak, injin yana ta ihu, tayoyi ko motsi. Wani mai sayar da taki daga Basirka ne ya zo na ɗaya, maigidana yana biye da shi. Ko a jikinsa. Ya tafi ya tsuguna kusa da Yaya yana yi masa ta'aziyya da babbar murya, yana tambaya ko za a yi mata sadakar uku.

Da za mu koma, Yaya ya riƙe motarmu. Ya ce sai ya kwance ta ya ga asirin da aka yi masa, kuma ba ya bayarwa sai Juma'a. Maigida ya yi ta ƙorafi, ni kuwa na yi sauri na haye babur kafin su sasanta.