Ƙofar da Na Gina wa Yayana

Edita, assalamu alaikum. A shekarun da abin nan ya faru ni birkila ne a Birnin Kudu, aiki yana ci, iyali lafiya, sai dai ina da wata irin zuciya da ban gane illarta ba sai da ta gama da ni. Idan aka ɓata mini ba na faɗa, ba na zagi, ƙafa kawai nake ɗaukewa, kuma a lokacin har alfahari nake yi da hakan. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Zandam ta ƙasar Gwaram. Mu biyu mahaifinmu ya bari maza, ni da Yayana, kuma shi ya riƙe ni tun ban san dama da hagu ba, shi ya kai ni koyon gini, shi ya yi mini aure. Duk ranar da na je gida, da ya ji ƙarar babur ɗina zai fito daga soro ya tare ni, ya karɓi jakata da hannunsa, yana tsokanata wai ga injiniyan birni mai faso a tafin hannu. Bai taɓa bari na yi sallama sau biyu a ƙofarsa ba.

Wata damina soronsa na ƙasa ya tsage, da rani ya shigo na je na rushe shi na tayar da na bulo. Na sa ƙofar ƙarfe, na ɗaga dokin ƙofar da siminti saboda ruwan da yake kwararowa daga hanya. Yaya ya yi murna ƙwarai, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi ya nuna masa aikin ƙanensa. Tun lokacin na lura hannunsa na hagu yana ɗan karkarwa idan yana zaune, tafiyarsa ta yi nauyi, fara'ar fuskarsa ta ragu, amma duk muka ce girma ne da wahalar noma.

Ba a daɗe ba wani abu ya fara samunsa. Zai taho daga cikin gida lafiya lau, da ya iso bakin sabuwar ƙofar sai ƙafafunsa su kafe kamar an zuba musu siminti. Gwiwoyinsa su yi ta rawa, jikinsa ya rinjaya gaba, amma tafin ƙafar ya ƙi barin ƙasa. Idan aka ja shi sai abin ya ƙaru, wani lokaci ya tafi gaba ɗaya ya faɗi. Abin da ya rikita mutane shi ne, a gona ba ya yin haka. Can zai yi ta tsallake kunya bayan kunya kamar saurayi, amma ƙofar gidansa ta gagare shi. To, ka san mutanenmu. Aka ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, kafi ne aka yi masa, kuma wa ya taɓa ƙofar nan in ban da wanda ya gina ta?

Babban ɗansa, yaron da na goya a wuyana, shi ya ɗauko mai duba. Aka sa diga aka fasa gefen dokin ƙofar, aka tono tsohuwar ƙusa da guntun ƙashi, irin abin da duk tsohon gidan da ka haƙa sai ka samu. Aka aiko mini, na zo na tarar da taro. Ɗan nasa ya ce a gaban kowa wai gonar gadonmu da ba a raba ba nake so in cinye ni kaɗai. Ni ba maganarsa ce ta ƙona ni ba, Yaya nake kallo. Yana zaune a kan tabarma, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ko ƙifta ido ba ya yi sosai. Daga baya ya ce shi bai zargi kowa ba, amma da wata murya ƙasa-ƙasa wadda na ɗauka ta wanda bai yarda da abin da yake faɗa ba ce. Na so ya miƙe ya daka wa ɗansa tsawa kamar yadda na san shi. Da bai yi ba, na hau babur ɗina na rantse a raina ba zan sake taka gidan ba.

Salla ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban je ba. Matata ta yi ta yi da ni, tana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ina ce mata ta bar ni da abin da ya dame ni. Sai wata rana ta'aziyya ta kai ni Maruta, a hanyar dawowa zuciyata ta karye, na karkata na nufi ƙauyenmu. Na tsayar da babur a gindin darbejiyar ƙofar gida, na tsaya daga nesa kaɗan na yi sallama. Sai ga Yaya ya taho daga cikin soro, ya rame, ya ranƙwafa. Ya zo daidai bakin ƙofa ya tsaya cak. Ya zuba mini ido, na zuba masa. Na sake yin sallama, ban ji amsa ba. Na yi ta uku, ban ji ba. Mutumin da yake fitowa ya karɓi jakata ga shi a tsaye, hannunsa riƙe da ƙarfen ƙofa, ko murmushi babu. Na san ciwonsa, da idona na taɓa ganin ƙofar ta riƙe shi, amma fushi ya rufe mini ido, na ce a raina tare hanya ya yi don kada mai kafi ya shigar masa gida. An ce in ka yi sallama uku ba a amsa ba ka juya, sai na fake da wannan na juya.

Ganina na ƙarshe da shi ke nan. Bayan wasu watanni ƙaramar 'yarsa ta zo gidana da safe, idanunta sun kumbura, ta ce Baba ya rasu. Faɗuwa ya yi a ƙofar ya karye a ƙugu, aka kawo shi asibiti nan Birnin Kudu, ya yi kwanaki, ciwon ƙirji ya shigo, Allah ya karɓi abinsa. Yana kwance a garin da nake, ni kuwa ina can ina jera bulo. Na tambaye ta me ya sa ba a faɗa mini ba, ta ce shi ya hana, ya ce kada a takura mini tunda har yanzu ina fushi.

Bayan mun dawo daga maƙabarta ta ba ni sauran labarin. Ta ce likita ya gaya musu ciwon ƙwaƙwalwa ne da ake kira Fakinsan, shi yake kawo karkarwar, shi yake daskarar da fuska ya shaƙe murya, shi yake kafe ƙafa a bakin ƙofa ko lungu ko wajen juyawa, musamman idan mutum yana sauri ko hankalinsa ya tashi. Ya ce ba ya warkewa, amma akwai maganin da yake sassauta shi, kuma da za a ja layi a ƙasa a ce ya tsallake, ko a riƙa yi masa ƙirge, sau da yawa ƙafar takan saki, shi ya sa kunyoyin gona ba sa ba shi wahala. Sannan ta ce ranar da na zo tana bayansa a cikin soro. Da ya ji babur ɗina ya tashi da saurin da ta daɗe ba ta gani ba, yana cewa ga ƙanensa ya dawo. Duk sallamar da na yi ya amsa, har da sunana ya kira, muryar ce ba ta wuce ƙofa ba. Ita kuma kunyar abin da aka yi mini ta hana ta leƙowa. Ta ce bayan na tafi ya daɗe a tsaye a wurin hawaye yana bin fuskarsa, ƙafar ba ta sake shi ba sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace.

Babban ɗan Yaya ya nemi gafarata na yafe masa, don na ga laifina ya fi nasa. Na koma na fasa dokin ƙofar na daidaita shi da ƙasa, amma wanda na yi dominsa ba ya nan. Ina roƙon masu karatu, idan tsohonku ya fara kafewa a bakin ƙofa, ku kai shi asibiti kafin ku ɗauko diga, kada ku fizge shi, kada ku auna zuciyarsa da fuskarsa. Wanda kuma yake fushi da ɗan'uwansa ya tuna zumunta a ƙafa take, ya je tun tasa tana ɗaguwa. Yayana ciwo ne ya riƙe masa ƙafa a ranar. Ni tawa lafiyarta ƙalau, tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma biyu ba, amma ban ƙarasa ba. Allah ya jiƙansa, ni kuma ku sa ni a addu'a.