Ranar da na sa wa matan littafin 'yata riga

Shekarun baya, ina aikin ungozoma a wani asibiti a Riyadh, muna zaune a unguwar Shifa. 'Yata, wadda a nan ta tashi har Larabcinta ya fi Hausarta, tana karatun zane ta intanet. Da ma ban so karatun ba, na fi so ta gaje ni.

Wata Asabar ina gyara mata gado na ga wani ƙaton littafi ƙarƙashin katifa. Na buɗe, sai ga zanen mata tsirara, shafi bayan shafi. Na yi salati, na ce karatun nan ya ƙare yau. Na ɗauko baƙar maka, irin wadda a da ake shafe hotunan mujallu da ita a kantunan garin nan, na hau ɗinka musu riguna. Ni da ko layi ban iya ja daidai ba.

Ina kan ta huɗu ta shigo.

"Mama, haram alaiki! Littafin jarrabawata ne fa!"

Ta fashe da kuka. Ni kuwa hannuna ya riga ya tsaya a kan cikin matar.

"Wai wa ya zana waɗannan?" na ce.

"Maza ne, yawancinsu."

"Shi ya sa. Shekarata ashirin ina karɓar haihuwa, ban taɓa ganin ciki sumul haka ba. Ina nanƙarwa? Ina tabon aiki? Abin da suke son gani suka zana."

Ta share hawaye ta jawo biro. "Mama, maimaita, wallah abin da aka tambaye mu ke nan."

Ban hana ta karatun ba. Bayan sati ta roƙe ni in bari ta zana tabon aikin da aka yi mini aka ciro ta. Na ce ba ta da kunya. Kwana uku tana bi na, har na kulle ƙofa na ɗaga riga faɗin tafin hannu.

Har yau ban daina jin nauyin littafin nan ba. Amma zanen tabon da ta yi yana cikin akwatina, ba wanda ya taɓa ganinsa sai mu biyu. Shekara goma sha tara ina kawar da kai daga tabon nan ko a madubi. A takardar 'yata na fara tsayawa na kalle shi.