Ƙwaryar Iya da Bugun Zuciyata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata la'asar a gidanmu na Roni ba. Ina dakan gero a tsakar gida, na ɗaga taɓarya ke nan, sai na ji zuciyata ta yi tsit, sannan ta buga da ƙarfi kamar an banko ƙofa. Na saki taɓaryar na durƙusa. Ba abin da ya faɗo mini sai mahaifiyata, wadda ta dafe ƙirji wata safiya, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Iya, kakata ta wajen uwa, ita ta riƙe ni, kuma makaɗiyar ƙwarya ce a bukukuwan mata. Ta zaunar da ni a tabarma, ta ɗora yatsu biyu a wuyana, ta jawo ƙwaryarta da ɗaya hannun. Duk bugun da ta ji sai ta ƙwanƙwasa. Da kunnena na ji abin yana tafiya daidai, ya tsallake, ya dawo.

"Ke 'yar nan, makaɗin naki bai iya riƙe kiɗa ba," in ji ta. "Da a wajen biki ne, tuni na sallame shi."

Ga hawaye, ga dariya.

A asibiti a Kazaure aka jona mini na'ura, zuciyar ta nutsu kamar ba ita ba. Iya ta ce, "Likita, kunyarka take ji. Ga abin da take yi a gida." Ta ƙwanƙwasa masa a kan tebur. Ya saurara, ya ce ta maimaita, sannan ya tura mu Kano. Can aka manna mini wayoyi a ƙirji, haɗe da wata 'yar na'ura mai naɗar bugu, aka ce in je gida in kwana da ita. Iya ta harare ta, wai ina wannan abu zai san kiɗa. Ta ci gaba da ƙwaryarta safe da yamma.

Ranar karɓar sakamako muka koma Kano. Likitar ta duba, ta ce, "Zuciyarki lafiya lau take. Ƙarin bugu ne marar illa. Jininki ya yi ƙasa, ga shayi mai kauri da kike sha don karatu. Za mu gyara."

Na juya ina jiran zolayar Iya. Sai na ga ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. "Zuciyar uwarki ban samu na saurara ba," ta ce. "Allah Ya bar mini wannan."

Iya ta rasu bara, ƙwaryar tana ɗakina. Har yau idan bugun ya tsallake gabana yakan faɗi, sai in sa yatsu a wuya, in ƙwanƙwasa har ya daidaita. Abin da na koya shi ne kada a ɓoye ciwo, kuma mai ba ka dariya a lokacin tsoro, wataƙila ya fi ka jin tsoron.