Ƙetare Ƙorama da Mai Naƙuda

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙa ambilans a Dakoro, ban taɓa mantawa da wata ranar tsakiyar damina ba. Ku sababbin direbobi nake son ku ji wannan.

Da hantsi majo ya kira ni, wato shugaban ma'aikatan jinya na wurinmu. Ya ce wata mata tana can a ƙaramar likita, wato ɗan asibitin ƙauye, ta wajen Tagriss, naƙuda ta yi tsawo, sai an yi mata aiki. Ƙa'ida ita ce direba ba ya ɗauko mai naƙuda shi kaɗai, don haka muka tafi da Madam Rabi, ungozomarmu.

Da tafiya mun wuce wata ƙorama a bushe. Da muka ɗauko matar da uwarta muka juyo, sai muka tarar ta kawo ruwa, alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Can gabas aka yi ruwan.

Na sauka na shiga da sanda, kamar yadda aka koya mana. Ruwan bai kai gwiwa ba, ƙasan kuma da ƙarfi. Amma a hagu sandata ta nutse, ruwa ya haƙa rami.

Na tambayi Madam Rabi, "Za ta iya jira ruwan ya janye?"

Ta ce, "Malam Isufu, ba ta da wannan lokacin."

Na yi bisimilla na sa mota a ruwa. Muna kaiwa tsakiya abin ya same ni. Ruwan yana gudu daga dama zuwa hagu, ni kuwa na zuba masa ido. Nan take na ga kamar motar tana zamewa dama. Amma bayana da ke jingine da kujera bai ji ta karkata ba. Jiri ya kama ni, hannuna ya fara neman karkata kan mota hagu don in gyara zamewar, can inda ramin yake.

A baya tsohuwar tana salati da kuka. Madam Rabi tana faɗa mini tansiyon matar, wato awon hawan jininta, don in gaya wa majo, wayata kuma tana ruri a aljihu. Lambar da ta faɗa ta shiga ta fita, ban riƙe komai ba.

Na ce, "Madam, riƙe lambarki. Iya, yi addu'arki a zuci. Kar wanda ya ƙara yi mini magana."

Motar ta yi tsit. Na cire idona daga ruwan, na kafa shi a kan wata aduwa da ke tsallake. Na ce a raina, itace dai ba ya tafiya. Aduwar tana nan daidai hancin mota, ba ta gusa ba, wato mu ma ba mu gusa ba. Na ƙanƙame kan mota, ƙafata a kan mai ba ragi ba ƙari, har tayoyin gaba suka kama tudu.

An yi wa matar aiki da la'asar. Ita da ɗiyarta suka rayu.

Washegari na ba likitan da ya yi aikin labari, don ina tsoron ko wata cuta ce ta kama ni. Ya ce lafiyata lau. Ido da cikin kunne da gaɓoɓi kowanne yana kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, in ji shi, idan rahoton ya saɓa sai jiri ya taso, kuma sau da yawa ido take gaskatawa ko da shi ne ya yi kuskure. Ya ƙara da cewa abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, yana cika wani abu ya zube.

Tun daga ranar, kafin in shiga ruwa nakan zaɓi abin da zan kalla a tsallake, in kuma roƙi kowa ya yi shiru. Wasu dangin marasa lafiya sun ce ba ni da tausayi. Ba na jin haushinsu, tsoro ne ke sa su magana. Amma a tsakiyar ƙorama, tausayin da direba zai yi wa mai ciwo shi ne ya hana hankalinsa rabuwa biyu.