Rahamim Mai Addu'a a Karkace

Rahamim Kastel mai sayar da zaitun ne a Urushalima, kuma unguwa ta san shi da abu ɗaya: a karkace yake addu'a. Kowa a majami'arsu ta Yahudawa yana fuskantar tudun da aka ce nan Haikalin Sulemanu ya tsaya, shi kuwa sai ya juya wajen maɓuɓɓugar Gihon, can gangare.

"A Gihon aka zuba wa Sulemanu man sarauta, yana nan a rubuce!" in ji shi. "Kuma da me firistoci za su wanke jinin hadaya a kan tudu? Da yawu?"

"Da ruwan zaitun ɗinka, tsohon banza," in ji Ezra, ƙanin matarsa, wanda ke tsayawa kusa da shi yana shan zunguri a haƙarƙari duk rusunawa.

Ranar da gwiwar hannun Rahamim ta kaɓe tabaran Ezra, dattawa suka ce ko ya miƙe ko ya fita. Ya naɗe mayafin addu'arsa ya fita yana hawaye, don a kujerar da ya bari ubansa ya tsufa.

Washegari masu addu'a suka ƙirga kansu, tara. Addu'ar jam'i kuwa sai maza goma. Ezra ya leƙa titi, ba kowa sai kyanwa. Dole ya nufi rumfar zaitun.

"Taho, yaya."

"Ina zan fuskanta?"

"Ko Masar ma, kai dai taho!"

Rahamim ya shigo yana taka rawa, ya ƙara karkacewa. Ezra ya cire tabarau ya sa aljihu.