Lamba Ta Sha Bakwai Tana Ruwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Bawa ya rasu.

Da safen nan abokina Injiniya Kabiru ya kira ni ina shirin fita aiki, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce bayan sallar asuba ne, a asibiti. Na ce masa ba zai yiwu ba, ai ranar Juma'a muna tare da Malam. Kamar dai ganin da na yi masa ranar Juma'a wata takardar izinin zama ce.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Bawa shi ne mai tuƙa jirgin ceto a ɗan kulob ɗin da muke wasan kwale-kwale mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa, a wani lungu da teku ta shigo ta kwanta kamar tafki a arewacin Doha. Mutumin Yauri ne. A takarda direba ne. A baki kuwa Sarkin Ruwa kowa yake ce masa, har Turawa da 'yan Filifin da ba su san ma'anar sunan ba.

Ni Farfesa yake ce mini. Na sha gaya masa ban kai ba tukuna, malamin jami'a ne kawai. Ya ce tunda na fi kowa bayani kuma na fi kowa kifewa, dole a sama mini suna.

Hawan jini ne ya kai ni wurin. Likita ya ce in nemi motsa jiki, ni kuma na zaɓi wanda ake yi a zaune. Kafin ranar farko sai da na karanta littafi uku a kan iska da jirgi, na je ina jin saura kaɗan in fara koyar da su.

Ya dube ni ya ce, "Ka iya ruwa?"

Na ce a kududdufin unguwarmu a Zariya na girma.

Ya ce, "To kududdufi ya san ka. Wannan bai san ka ba. Sa rigar."

Na sa rigar ruwa na ɗaura igiyarta sako-sako saboda mutuncin tumbi. Ya kama kafaɗun rigar ya ja sama, sai ga ta a kunnena. Ya ce, "Ka gani? Rigar za ta tsira, kai ka tafi." Ya ɗaure ni tamau har na tuna abin da na ci da safe.

A jikin bangon ofis akwai dokoki a rubuce da Turanci da Larabci, babu mai karantawa. Shi a bakinsa suke. Ba a fita sai jirginsa yana kan ruwa. Usur a wuya, gorar ruwan sha a jirgi, ko da kana ganin sanyi ake yi. Akwai wata doguwar sanda a ƙarƙashin ƙyallen da ke wulgawa ta kan mutum duk sanda jirgi ya juya, kuma saboda ita duk kulob ɗin nan suka koyi kalmar Hausa guda ɗaya. Na taɓa jin wata tsohuwar Baturiya tana yi wa mijinta ihun "sunkuya" daga nesa, da karin harshen Yauri.

In ya ɗaga jar tuta kuwa, magana ta ƙare. Wata rana iskar arewa mai ƙarfi da ake ce wa shamal ta taso, wani babban likita ɗan uwanmu ya zo da baƙi daga Abuja yana so ya nuna musu bajinta. Ya ce minti goma kawai. Ya ce shi memba ne tun kafin a ɗauki Malam aiki. Malam Bawa ya saurare shi har ƙarshe cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma iskar ba ta yi shawara da ni ba." Ya zuba wa baƙin shayi daga fulas ɗinsa.

Tabarau biyu na ba wa tekun nan kyauta. Kafin in sayi na uku ya kitsa mini igiya da hannunsa. Tana wuyana yanzu da nake rubutun nan.

Duk shekara in ya dawo daga hutu sai ya kawo wa maman yara bandar kifi, a naɗe cikin jarida da leda bakwai, daga ɗakin da suke zaune su huɗu a wajen Al Aziziya har ƙofarmu a Al Thumama. Ba ya yarda ya shiga ciki. Wai yana warin ruwa.

Sai kuma allo, wanda saboda shi na zauna rubutun nan.

A bakin gaɓa akwai allo mai ƙusoshi, an raba shi biyu. Kowa yana da lambarsa ta roba. In za ka fita ka rataye ta a dama, in ka dawo ka mayar da ita hagu. A ƙarƙashin rubutun kulob shi ya ƙara nasa da alƙalamin maka: RUWA, TUDU. Tawa ita ce sha bakwai. Na daɗe ina tsokanarsa a kan allon. Na ce muna ƙasar da na'ura ke duban ido ta buɗe ƙofa, shi yana nan yana gadin ƙusa. Ya ce ranar da ido ya fara ciro mutum daga ruwa zai ajiye.

Wata Juma'a, shekara uku ke nan, na yi latti a kan ruwa. Iska ta mutu, na dinga rarrafowa har na ji masallatai sun fara. Lokacin da na iso gaɓa Malam yana can ɗaya gefen yana janyo wasu da suka maƙale. Ban ja jirgina tudu ba. Na zarga igiyarsa a jikin ƙarfe, na ruga mota da takalman shiga jirgi a ƙafa, na canza kaya a gurguje, na kashe waya, na samu huɗuba. Bayan salla Injiniya Kabiru ya ce mu je kasuwar Souq Waqif mu ci abinci. Muka je. Na ci da kyau kuwa, har da ƙari.

Sai wajen biyu da rabi na kunna waya. Kira ya fi ashirin. Rabi daga Malam, rabi daga maman yara, wadda ta fara da kuka, da ta tabbatar ni ne kuma ta koma wani abu da ba zan rubuta a nan ba.

Ga abin da Malam ya tarar da ya dawo gaɓa. Jirgina yana yawo a tsakiyar ruwa babu kowa a ciki, don igiyar ta kwance. Lambata tana RUWA. Silifas ɗina kuma suna ajiye a bakin gaɓa, a jere, yadda na cire su da safe.

Na iso cikin farar shadda ina ƙamshin turare. Na same shi a jiƙe sharkaf, idanu ja saboda gishiri. Mutum mai kusan shekara sittin, ya fi awa biyu yana kewaya ruwan nan, inda ya ga duhu a ƙasa ya yi nutso. Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Alhamdulillahi." Ya sunkuya ya ɗauko silifas ɗin ya miƙo mini da hannu biyu.

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Can ya ce, "Farfesa, wa ya koya maka ɗaurin nan?"

Na ce haka muke ɗaure akuya a gida.

Ya ce, "Akuyar tana nan?"

Manaja ya so ya dakatar da ni wata guda. Malam ya ce in an kore ni gida zan je in ƙara karanta littafi, a bar masa ni. Juma'a huɗu na yi a tudu ina ɗaure igiya ina kwancewa, ina tsaye kusa da allo ina kallon yadda yake haɗa kowace lamba da fuskar mai ita. A ɗaya daga cikin ranakun ne ya ba ni labarin yayansa, Umaru. Suna yara kwale-kwalensu ya kife a kogi. Shi Bawa bai iya ruwa sosai ba, sai ya rungume jirgin yana kuka. Yayan, da ya fi kowa iyo a garin, ya ce bari ya kai gaɓa ya kira mutane. Masunta suka tsinci Bawa da jirgin. Takalman Umaru suka kwana uku a bakin ruwa, mahaifiyarsu ta hana a taɓa.

Ya ce, "Shi ya sa nake ce muku in kun kife kada ku saki jirgi. Jirgi ana hango shi daga nesa. Kan mutum kuwa kamar ƙwarya ne."

Daga baya Injiniya Kabiru ya gaya mini cewa tunda Malam ya zo Qatar bai taɓa rasa sallar Juma'a ba sai ranar. Shi bai taɓa faɗa mini ba. Ni kuma na bar maganar a cikina shekara uku, ina jiran ranar da zan tsara ta da kyau. Mu masu karatu haka muke, sai mun gama gyara jimla mai ita ya tashi.

Makon jiya aka kwantar da shi, ciwon zuciya. Ranar Juma'a na fita ruwa da safe, wani ne yake riƙe masa aiki, bayan la'asar na wuce asibiti. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya tambayi iska, na ce 'yar kaɗan ce daga arewa. Ya tambaya ko na kife, na ce sau ɗaya. Ya ce to ana samun ci gaba.

Na ce, "Malam, Juma'ar nan da na sa ka rasa, ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Farfesa. Na yi azahar ɗina a cikin jirgi, Allah ya ga inda nake. Wannan khalas, ya wuce tun ranar. Ɗaurin akuyar ne dai har yanzu nake tunani."

Muka yi dariya har nas ta leƙo.

Na tashi zan tafi, ina bakin ƙofa, ya ce, "Ka juya lambarka?"

Na ce na juya. Haka nan ya fito, yadda ake amsa gaisuwa da lafiya lau. Ya ɗan dube ni ta ƙasan ido, ya ce, "To madalla. Yalla, je ka, gai da gida."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau bayan wayar Injiniya ban iya zuwa ofis ba. Na tsinci kaina a hanyar kulob. Babu kowa, ranar aiki ce, jirage duk a kife a kan tudu, nasa an rufe shi da tamfol. Na nufi allon, kuma ba zan ɓoye muku ba, marubucin da ke cikina ya riga ya shirya abin da zai gani: lambar Malam a rataye a RUWA, ni kuma in cire ta da hawaye in mayar masa.

Tasa tana TUDU, daram. Mutumin da aka ɗauka daga wurin aiki zuwa asibiti yana dafe da ƙirji, sai da ya tsaya ya juya lambarsa.

Guda ɗaya ce a ɓangaren RUWA. Sha bakwai.

Tun ranar Juma'a take nan, yau Laraba. Wanda ya riƙe aikin ya ƙirga jirage ya ga sun cika, ya rufe ya tafi, ban kuma ga laifinsa ba. Kwana biyar allon nan yana cewa ina cikin ruwa, wayata ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Na daɗe a tsaye kafin in mayar da ita.

Za a yi jana'iza yau bayan la'asar, Injiniya Kabiru zai sa wurin a guruf ɗin 'yan gida. Ya bar mata da 'ya'ya biyar a Yauri.

Ya Allah, bawanka Bawa ya yi rayuwarsa yana tsaye a bakin ruwa har sai na ƙarshe ya fito. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka tsallakar da shi lafiya, Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma Ka yafe mini amsar da na ba shi a bakin ƙofa.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai taɓa taka jirgi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. 'Yan kulob kuma, mu haɗu ranar Juma'a da wuri. Ni zan tsaya a allo.